Baƙin Masunta da Dokar Ruwa a Tafkin Cadi

Darasinmu na yau a kan Tafkin Cadi ya ke, wanda ƙasashe huɗu su ke tarayya a kansa, watau Nijeriya, Nijar, Cadi da Kamaru.

A 1963 faɗinsa ya kai kamar murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi, ya koma fadamu da tsibirai. Ruwa na ja da baya, masunta na binsa. Buduma su ne mutanen tsibiran tun asali, sa'an nan Hausawa da Jukunawa da mutanen Mali suka zo suka kafa bukkoki, bandar kifi ta riƙa fita daga kasuwar Baga zuwa kudancin Nijeriya.

To, ina ruwan wannan da doka? A al'ada, bulama ko sarkin ruwa shi ke ba da izinin shiga gulbi, shi ke hana su har kifi ya yi ƙwari. Dokar ta na tsayawa domin kowa ya san kowa, wanda ya karya ta kuwa kunya za ta ishe shi. Baƙo fa ya biya kuɗin shiga ne, baɗi wataƙila ya na wani tsibiri, saboda haka barin ƙananan kifi bai dame shi ba. Shugaba kuma in ya ɗanɗana kuɗin baƙi, da wuya ya ce ruwa ya cika.

Ku dubi dumba, watau jerin gurar Mali da a ke datse mashigar ruwa da shi. Mai dumba ya kwashe kifi, na bayansa su tashi hannu wofi, sai jayayya ta kai gaban hukuma. Har iyakar ƙasa ma ta taɓu, gama masuntan Nijeriya sun bi ruwa sun zauna a Darak, Kotun Duniya ta hukunta a 2002 cewa wurin na Kamaru ne.

Kada dai mu ɗora wa baƙo laifi duka, gama ya kawo dabara da ciniki. Abin lura shi ne, dokar da a ka yanke ba da shi ba, ba zai tsare ta ba. In a na so kifi ya ɗore, sai a zauna da shugabannin baƙi, a daidaita girman idon koma da watannin hutun ruwa, kuɗin shiga kuma a san inda ya ke zuwa.

Wanda Allah ya kai shi koyarwa bakin ruwa, ya tambayi almajiransa: wa ke ba da izinin su a garinku, kuma baƙo na da baki a ciki?