Ka Fara Tambayar Wanda Nauyin Ya Fi Dannewa

Ɗana, akwai wata tambaya da masana falsafa na Turai da Amurka suka daɗe suna jayayya a kanta, kuma ko da yake su suka cika littattafai da ita, kai ma za ka gamu da ita a kasuwa da wurin aiki da cikin gidanka: me ke sa a ce wane ya zalunci wane? Wasu daga cikinsu suka ce amsar tana cikin yarjejeniya, wato ƙa'idojin zama tare su ne waɗanda mutane za su amince da su in an zaunar da su an tambaye su. Sai dai masu wannan ra'ayi sun rabu gida biyu, kuma ina so ka yi haƙuri ka ji bambancinsu, domin halin mutum yakan bi gidan da ya shiga ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Gida na farko na Thomas Hobbes ne, mutumin Ingila da ya ga yaƙin basasa ya ci ƙasarsu har aka fille kan sarki a 1649, ya kuma fitar da babban littafinsa a 1651. A ganinsa, in babu hukuma kowa tsoron kowa yake ji, saboda haka mutane sukan yarda su ajiye makami su bi shugaba ɗaya don su tsira da rayukansu. A 1986 David Gauthier, haifaffen Kanada, ya sabunta wannan tunani, ya ce kyawawan ɗabi'u su ne abin da masu wayo za su daidaita a kai saboda kowa ya ga ribarsa a ciki. Kada ka raina wannan magana, domin zaman lafiya da yawa a duniya haka aka same shi. Amma ka duba wanda aka bari a waje. Maraya da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare da wanda aka haifa da naƙasa ba su da abin da za su ba ka, ba su da abin da za su tsorata ka da shi, saboda haka ba su da wurin zama a wajen cinikin. Gauthier da kansa bai ɓoye cewa tsarinsa bai kai ga irin waɗannan ba, kuma ni wannan kaɗai ya ishe ni in ce kada ka gina halinka a kai.

Gida na biyu ya samo asali daga Rousseau da Kant, amma John Rawls na Jami'ar Harvard ne ya raya shi a 1971. Ya ce a ɗauka mutane za su tsara dokokin ƙasa alhali ba wanda ya san ko shi mai kuɗi ne ko talaka, namiji ko mace, mai lafiya ko majinyaci. Ka san yadda ake watanda, in mai kasa naman bai san wane kashi zai faɗo masa ba, yakan daidaita tsoka da ƙashi da gaskiya. To, Rawls ya ce masu tsara doka a cikin irin wannan rashin sani za su ba kowa ƴanci daidai, kuma ba za su yarda da fifikon dukiya ba sai in fifikon zai amfani na ƙasa da kowa.

Wanda na fi so ka riƙe shi ne T. M. Scanlon, shi ma tsohon malamin Harvard, wanda ya fara bayyana ra'ayinsa a wata maƙala a 1982, ya cika shi a littafinsa na 1998 kan haƙƙin da ke tsakanin mutum da mutum. Shi bai rufe wa kowa ido ba kamar yadda Rawls ya yi. Ya ce aiki yana zama laifi in duk wata ƙa'ida da ta halatta shi akwai wanda zai iya ƙin ta da hujja mai ma'ana, kuma abin da ke motsa mutumin kirki shi ne son ya iya tsayawa gaban duk wanda aikinsa ya shafa ya ba shi dalilin da ba zai ji kunyar faɗa ba. Ya kawo wani misali da ya shahara. Wani ma'aikaci ne a ɗakin injinan gidan talabijin, na'ura ta faɗo masa a hannu, lantarki yana jan sa da azaba mai tsanani, a daidai lokacin da ake nuna wasan cin kofin duniya wanda sauran sa'a guda a tashi, ga jama'a masu ɗimbin yawa suna kallo. Ba za a iya ciro shi ba sai an kashe injin na minti goma sha biyar. Mai lissafin jimlar jin daɗi zai iya tara ɗan haushin kowane mai kallo har ya rinjayi azabar mutum ɗaya. Scanlon ya ce a kashe injin nan take, domin babu ko ɗaya cikin masu kallon da zai iya duban wannan bawan Allah ya ce masa ya jure sa'a guda don kada a katse masa kallo. Kukan kowa shi kaɗai ake aunawa da na ɗan'uwansa, ba a haɗa ƙananan koke-koke a danne babba da su.

Ƴar'uwata, ke ma ki saurara, domin ranar da aka ba ki shugabancin ƙungiya ko kula da ma'aikata, za ki ji ana cewa ai mafi yawa sun yarda, kuma sau da yawa gaskiya ne sun yarda, amma abin da kowannensu zai samu ɗan sauƙi ne, wadda za ta biya kuwa abincin ƴaƴanta ne ko mutuncinta. A irin wannan rana ki nemo ta tukuna, ki ji abin da za ta ce, kafin a ɗaga hannu a ƙirga.

Ba a bar Scanlon ya huta ba, kuma masu sukarsa ba ƙananan mutane ba ne. Suka ce to, in mutum ɗaya yana kan wani dutse a teku, biyar suna kan wani, jirgin ceto kuma ba zai kai ga duka ba, ina aka nufa? In ba a tara koke-koke, ai kukan kowane ɗaya cikin biyar ɗin daidai yake da na mutum ɗayan. Tun a 1977 John Taurek ya ce shi ƙuri'a zai jefa don kowa ya sami dama daidai. Scanlon ya amsa cewa a ceci biyar, domin in aka yi ƙuri'a, na biyu a kan dutsen zai ce an yi kamar babu shi a wurin. Derek Parfit na Oxford, a aikinsa na 2011, ya ce gara a yarda kawai cewa yawa yana da nauyi. Ni dai ina ganin Parfit ya fi gaskiya a kan wannan gaɓa idan asarar iri ɗaya ce, rai da rai, amma hakan bai taɓa hukuncin ma'aikacin gidan talabijin ba, inda ake son a sayi azaba da nishaɗi.

Martha Nussbaum kuma a 2006 ta tuhumi masu yarjejeniya, musamman Rawls, da cewa ba su yi wa masu naƙasa da dabbobi da mutanen wasu ƙasashe kyakkyawan tanadi ba. Scanlon tun farko ya ce bayaninsa bai ƙunshi dukan ɗabi'a ba, iyakarsa haƙƙin mutane a kan juna. Wasu suka ƙara da cewa kafin ka gane hujja mai ma'ana daga son zuciya, ai sai ka riga ka san daidai da kuskure, saboda haka yarjejeniyar ba ita ce tushe ba. Wannan suka ban ƙi ta ba, ɗana, domin mu a wajenmu halal da haram ba daga amincewar mutane suka fito ba, daga Mahalicci suke. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa haƙƙin bawa yana nan a wuyan wanda ya ci shi har sai ya biya ko mai shi ya yafe, kuma ranar hisabi mutum ɗaya ɗaya za su zo neman nasu, ba za a ce maka tunda ka faranta wa dubu an share na ɗaya ba.

Abu guda kada ka ɗauka daga maganata, wai duk mai ƙorafi ya sami ikon hana komai. Scanlon ya ce mai ƙin ƙa'ida sai ya duba abin da ƙinsa zai jawo wa wani, in wancan zai ɗauki abin da ya fi nasa nauyi, to ƙinsa ba shi da hujja. Saboda haka in kai ne aka ɗora wa ɗan nauyi don a sauke wa wani babba, ka ɗauka da haƙuri ba tare da gunaguni ba, ko da kuwa wanda aka sauke wa ba zai taɓa iya rama maka ba, Allah ya yi maka albarka.