Auna Tsawon Rai a Ƙasar Hakimi

Ajalin kowane mutum Allah kaɗai ya san shi. Amma ana iya lissafta shekarun da jariran gunduma za su yi a duniya bisa matsakaici, muddin mace-mace suka ci gaba yadda suke. Wannan shi ake kira tsawon rai.

Ga yadda ake yi. A kasa jama'a rukuni-rukuni bisa ga shekarunsu, a duba mutum nawa ke cikin kowane rukuni, nawa kuma suka rasu. A 1693 Edmond Halley, masanin taurari na Ingila, ya tsara jadawalin rai da mutuwa daga littattafan haihuwa da mutuwa na birnin Breslau. Na shekara biyar ya haɗa, watau 1687 zuwa 1691, ba na shekara guda ba.

Dabarar nan ta fi wajaba a ƙaramar ƙasa, gama baƙon dauro na shekara ɗaya ya isa ya karkatar da lissafi. Saboda haka a kan tara shekara uku ko biyar. Idan jama'a ba su kai 5,000 ba, sai a gama su da maƙwabta.

Amfanin aikin shi ne tono abin da jimlar lardi ke ɓoyewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 ya nuna tsawon ran namiji a unguwar Calton ta birnin Gilasgo, a Sikotilan, shekara 54 ne, na garin Lenzie kuwa 82, alhali 'yan mil kaɗan ke tsakaninsu. Idan aka maimaita awon lokaci-lokaci, sai a gane ko tazara na raguwa, da inda ya fi bukatar rijiya ko ɗakin shan magani.

Duk wannan ya rataya ne ga alƙalamin malami. Misali, an haifi yara goma, biyu suka rasu kafin suna, takwas suka kai shekara 60. Matsakaicinsu 48 ke nan. Kadan malami ya ƙyale biyun nan, sai lissafi ya ba da 60, a ɗauka ƙauyen lafiya lau yake, taimako ya wuce shi.

Don haka wajib ne hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwa su kawo labarin kowace haihuwa da rasuwa, har ta jinjirin da ba a raɗa wa suna ba. Malami kuma ya rubuta shekarun mamaci da ƙauyensa nan take, kada ya bari sai gobe.