Kada Ka Auna Hankalin Mutum Da Launin Gashinsa

Ya kai ɗan'uwa da ka shigo hanyar Yesu Kristi ba da daɗewa ba, da kai kuma da ka ke bincike tukuna, wannan darasi a kan wani zunubi ne wanda mutane ba su cika lissafa shi cikin zunubai ba. Ɓarawo ya san ya yi laifi, mashayi kuma ya sani. Amma wanda ya dubi kan mutum, ya ga gashinsa ja ne ko fari-fari, ya yanke a ransa cewa wannan wawa ne, ya kan wuce abinsa da zuciya sake, ya ce ai wasa ne. Ka karanta a hankali, gama wanda a ke yi wa wannan wasa ba ya jinsa kamar wasa.

Wanda a ke rainawa

A ƙasar Gwandu, da Kalgo, da ƙauyukan da ke bakin fadama, a kan haifi yaro da farar fata da gashi mai launin busasshiyar ciyawa, ko da ya ke uwa da uba baƙaƙe ne. Shi a ke kira zabiya. Tun yana goye a ke nuna shi da yatsa. In ya shiga makaranta sai a ga yana kusantar da takarda har ta taɓa hancinsa, yana runtse ido, yana kuskure wajen kwafe abin da ke bisa allo. Daga nan yara su sa masa suna, malam ya gaji da shi, uba kuwa ya ce kuɗin makaranta hasara ne, gara ya tafi gona. A gona rana ta ƙone shi. Haka a ke kashe baiwar da Allah ya ajiye cikin yaro, ba wanda ya ɗauki wuƙa.

Wannan raini ba a ƙasarmu kaɗai ya ke ba. Turawan Ingila da Amurka suna da irin tasu ba'a, suna cewa mace mai gashi ruwan zinariya ba ta da basira. A shekarar 2016 wani masani a Jami'ar Jihar Ohayo ya duba sakamakon gwajin basira na Amurkawa fiye da 10,000, bai iske masu irin wannan gashi sun kasa sauran ba ko kaɗan. Ashe ƙaryar ɗaya ce, ko'ina ta je sai ta sake riga.

Daga ina farin ya fito

Cikin jikin ɗan Adam akwai wani irin rini da likitoci ke kira melanin. Shi ke ba fata da gashi da ƙwayar ido launinsu, shi ke kuma kāre fata daga zafin rana. Jikin zabiya ba ya yin wannan rini sai kaɗan, ko kuwa ba ya yi sam. Ka tuna da zanen saƙi guda biyu da suka fito daga hannun masaƙi ɗaya: an kai ɗaya karofi, an bar ɗaya fari. Zarensu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, baba ne kaɗai ya bambanta su.

Gado ne, daga wajen uwa da uba duka biyu ya ke zuwa. Mutum ya kan ɗauki irin a jikinsa bai sani ba, gama ba ya nunawa. In miji da mata duka suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin 4 na zama zabiya. Saboda haka mijin da ya tuhumi matarsa, ko uwar miji da ta ce laifin dangin amarya ne, sun yi shaidar zur, gama rabin gadon daga gidansu ya fito. Ba kuturta ba ce, ba aikin iskoki ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa ta wurin cin tuwo a akushi ɗaya ko gaisawa da hannu.

To, me ya sa yaron ya ke kuskure a makaranta? Domin ido yana bukatar wannan rini kafin ya ginu sosai. Idon zabiya ba ya gani da nisa, haske yana damunsa, sau da yawa kuma ƙwayar idon tana rawa ba da nufinsa ba. Tabarau ya kan taimaka, ko da ya ke ba ya gyara abin duka. Amma ƙwaƙwalwarsa lafiya lau ta ke. In an zaunar da kai a bayan aji, an rubuta ƙananan baƙaƙe da alli a bisa allon da ba ka iya hangowa, kai ma da an kira ka daƙiƙi.

Akwai wani jan gashi kuma wanda dalilinsa dabam ne. Yaron da aka yaye, aka bar shi da kunu zalla, gashinsa ya kan yi ja, ya yi laushi, ƙafafunsa su kumbura, ya daina wasa. Wata likita, Sisili Wiliyams, ta bayyana wannan ciwo a ƙasar da a ke kira Gana yanzu a shekarar 1933, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen wurin ke kiransa, watau kwashiyoko. Wannan yaro yunwa ce ta kama shi, in kuwa ta daɗe ta kan tauye girmansa har da na hankali. Abin da ya ke bukata asibiti ne, da wake, da gyaɗa, da kifi, da ƙwai, da nono. Wanda ya tsaya yi masa dariya ya ɓata lokacin da za a cece shi.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya

Buɗe Littafin Samu'ila na fari, sura 16. Allah ya aiki annabi Samu'ila Baitalahmi, gidan Yesse, domin ya shafe sabon sarki. Sarkin da ke bisa gado a lokacin, Shawulu, ya fi dukan jama'a tsawo, duk da haka ya ƙi bin umurnin Allah. Da Samu'ila ya ga Eliyab, babban ɗan Yesse, da tsayinsa da kwarjininsa, sai ya ɗauka shi ne. Ubangiji ya tsauta wa annabinsa, ya koya masa cewa idon mutum a fuska ya ke tsayawa, na Allah kuwa yana kaiwa har zuciya. 'Ya'ya 7 suka wuce, ba a zaɓi ko ɗaya ba. Sai aka kirawo auta daga wajen tumaki, wanda ubansa bai ko tuna a kira shi ba, wani jan saurayi, Dawuda. Shi Allah ya zaɓa. Lura fa, in annabi tsoho ya ruɗu da ganin ido, kai da ni ba mu fi ƙarfin ruɗuwa ba.

Cikin Bishara ta Yohanna, sura 9, almajirai suka ga wani da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya jawo haka, nasa ko na iyayensa. Yesu ya kawar da zargin duka biyu, ya nuna aikin Allah ne za a bayyana ta wurinsa. Ka ci gaba da karatu, za ka ga wannan maroƙi da kowa ya raina ya tsaya gaban malaman Yahudawa ya amsa musu da hujja, har suka rasa ta cewa, sai zagi da kora.

Cikin Matta, sura 5, Ubangijinmu ya haɗa kiran ɗan'uwa wawa da laifin kisan kai cikin magana ɗaya, ya ce mai yin haka ya cancanci hukunci mai tsanani. Magana zarar bunu ce. Yaron da aka kira sakarai kowace safiya, a ƙarshe ya kan gaskata, ya daina ƙoƙari. Littafin Firistoci, sura 19, ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe. Zaunar da mai raunin ido a bayan aji abin tuntuɓe ne. Yaƙub kuma, cikin sura 2 ta wasiƙarsa, ya ce nuna tara cikin taron masu bi zunubi ne. Tushen wannan duka yana cikin Farawa, sura 1: cikin siffar Allah aka halicci mutum. Wanda ya yi wa tukunya ba'a, maginin ya zaga.

Shaidu masu rai

Gani ya kori ji. Salif Keita, mawaƙin ƙasar Mali da aka haifa a 1949, zabiya ne. Ya sha ƙyama tun yana yaro, daga baya sunansa ya kewaye duniya. Mumbi Ngugi, zabiya ce, ta zama alƙali a babbar kotun Kenya a 2011. A 2010 mutanen Tanzaniya suka zaɓi Salum Barwani, zabiya, ya wakilce su a majalisa, a ƙasar da aka sha kashe zabiyoyi saboda ƙaryar matsafa cewa gaɓoɓinsu na kawo arziki. Ikponwosa Ero, lauya haifaffiyar Nijeriya, ita ma zabiya, ita ce ta fari da Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa, a 2015, domin ta bi kadin haƙƙin zabiyoyi. Majalisar ta kuma keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da su.

Mutanen Gwandu sun san darajar ilimi tun dā. A garin ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, a nan kabarinsa ya ke, har yau kuwa a na karanta littattafansa. Wane mai karatu ne ya taɓa tambayar launin gashin mawallafin kafin ya buɗe littafin? Da abin da ya fito daga kai a ke auna malami. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana nan bisa hanyar Kalgo zuwa Bunza. Yaron nan mai runtse ido yana iya shiga ƙofarta, in mu ba mu tare masa hanya ba.

Abin da ya wajaba gare ka

Na fari, ka tsare bakinka. Kira mutum da sunan da iyayensa suka raɗa masa. In a na ba'a a dandali ko a kasuwa, kada ka sa dariyarka a ciki. In yaranka ne ke yi, ka kwaɓe su nan take, ka kuma gaya musu dalili.

Na biyu, in Allah ya ba ka ɗa zabiya, ka karɓe shi da godiya, ka yi masa suna kamar sauran, ka tsaya wa uwarsa a gaban dangi. Ka sa shi makaranta, mace ce ko namiji.

Na uku, in kai malami ne, ko mai koyarwa a makarantar Lahadi, ka zaunar da shi a gaba, inda hasken taga ba ya dukan idonsa. Ka yi rubutu manya-manya, ka faɗi da baki abin da ka ke rubutawa, ka ƙara masa lokaci. A sujada a ba shi littafi mai manyan baƙaƙe.

Na huɗu, ka taimaka a kāre shi daga rana. A bazarar ƙasar Kebbi zafi ya kan wuce awo 40, rana kuwa ita ce babbar abokiyar gābar zabiya, gama tana jawo ciwon daji na fata. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man shafawa mai tare rana, da aiki a inuwa, su ne garkuwarsa. Gyambon da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti da sauri, kada a tsaya jiran maganin gida.

Na biyar, in ka riga ka ɓata wa wani rai da irin wannan magana, ka je ka roƙe shi gafara kafin ka kawo baikonka.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da a ke nunawa da yatsa, ku ji. Allah bai yi kuskure ba sa'ad da ya yi ku. Jinin da aka zubar a bisa giciye dominku aka zubar, daidai da na kowa. Ku nemi wurin zama a gaba ba da kunya ba, ku yi karatu, ku kawo baiwarku cikin ikkilisiya, gama jiki yana bukatar kowace gaɓa.

Tambayoyi

1. Me ya ruɗi Samu'ila sa'ad da ya ga Eliyab?
2. Me ya sa zabiya ya ke shan wuya a makaranta, ƙaƙa kuma za a taimake shi?
3. Wa ka ke rainawa a unguwarku saboda kamanninsa, me za ka yi masa a makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ka yi baƙi, kai ka yi fari, dukanmu aikin hannunka ne. Ka gafarta mana rainin da ke cikin zukatanmu da ba'ar da ke bakinmu. Ka koya mana mu dubi kowane mutum kamar yadda ka ke dubansa, mu zama inuwa ga wanda rana ke ƙonawa. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.