Darasin noma da lafiya: amalanke mai juye taki

Ƴan'uwa manoma, idan bazara ta kama, lokacin fitar da taki ya yi. Gonakinmu na jigawa suna saurin gajiya, takin zamani kuma yana da tsada. Kashin shanu, na tumaki da na awaki, tare da sharar gida, su ne abincin gona. A da, da jaki da mangala ake kai su. Daga baya masana'antu irin su ACREMA ta Tawa da CDARMA ta Doso suka yi ta ƙera amalanke, maƙeran garuruwa ma suka iya aikin. Akwai amalanken da akwatinsa ke tashi ya zubar da kaya da kansa, akwai kuma tirela irin wannan wadda tarakta ke ja. Suna rage wahala, amma suna raunata wanda bai san dokarsu ba.

1. Taki nauyi gare shi

Galibi amalanken jaki ana ƙera shi domin kilo 500, na shanu biyu kuwa kilo 1000, wato tan 1. Ku tuna, lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Saboda haka jiƙaƙƙen taki ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba, haka ma wanda ya gauraya da yashi. Akwatin da za a cika da busasshen taki, idan taki ɗanye ne a tsaya wajen rabi. Sawu biyu cikin lafiya sun fi sawu ɗaya da karaya.

2. Abin dubawa kafin a saya

Mai saye ya tambayi kilo nawa abin ke ɗauka, ya auna da ƙarfin dabbarsa.

Ya duba ƙarfen da ke haɗa ƙafafun biyu. Idan ya lanƙwashe ko an sha yi masa walda, a bar shi.

Ya zaɓi taya mai faɗi, wadda ba ta saurin nutsewa cikin yashi, kuma wadda ake samun irinta a kasuwar kusa.

Ya gwada sakatar da ke riƙe akwati. Sakata mai sako-sako tana iya buɗewa a bisa hanya.

Ya duba ƙasan akwati, domin taki yana cin ƙarfe da tsatsa, yana kuma ruɓar da katako.

3. Lodi da tafiya

A daidaita kaya bisa ƙafafu, gaba ya ɗan rinjayi baya. Idan nauyi ya koma baya, amalanke yakan ɗaga jaki sama. Idan ya taru a gaba, yakan danne bayan jaki ko wuyan sa har ya yi miki. A yi jigila da sanyin safiya ko da la'asar. A gangara, mai kora ya sauka ya riƙe dabba. Kada a ɗora yara bisa taki, kada su zauna a kan ƙarfen ja.

4. Lokacin juyewa

A nan ne hatsari ya fi yawa. A tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, a sa dutse ko guntun icce a tare ƙafafu. Kowa ya bar baya, sa'an nan mai buɗe sakata ya tsaya daga gefe.

Ƙungiyar manoma da ta yi hayar tarakta ta ƙara kula. Tirelarta jak mai aiki da mai ne ke ɗaga ta. Idan akwati ya yi sama, ɗanyen taki yakan maƙale a can ƙololuwa. In ƙasa ta karkata ko kaɗan, tirela ta kife. Direba ya miƙe tarakta da tirela bisa layi ɗaya, ya ja birki, ya dubi sama ko akwai wayar lantarki. Kada ya kama hanya sai akwati ya sauka sarai.

Babbar doka ita ce: kada kowa ya sa kai ko hannu ƙarƙashin akwatin da aka ɗaga, sai an tokare shi da ƙarfe mai ƙarfi. Idan tiyon mai ya fashe, akwati faɗuwa yake nan take. Kuma ba a laluben yoyon man jak da hannu, domin ƙarfinsa yana huda fata.

5. Kiyaye lafiyar jiki

Ƙwayar cutar tetanos, wadda ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ta miki take shiga. Mai lodi ya sa takalmi, ya rufe hanci da rawani saboda ƙura. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi likita a ranar, domin akwai allurar rigakafi. A wanke hannu kafin cin abinci. Kada a tara taki kusa da rijiya, domin ruwan sama yana kwasar ƙazanta zuwa cikinta. Bayan aiki a kankare akwati, a sa wa ƙafafu giris, a ajiye amalanke a inuwa.

Tambayoyi domin ajin yaƙi da jahilci

1. Me ya sa ba a cika akwati da ɗanyen taki?
2. Wane abu za a yi kafin a shiga ƙarƙashin akwatin da aka ɗaga?
3. Manomi yana da taki kilo 3000. Amalankensa yana ɗaukar kilo 500. Sawu nawa zai yi?

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka.