Amosanin Ido: Yadda Kwantsar Yaro Kan Zama Makantar Tsohuwa

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta, ba wuya a ga yaro da kwantsa a ido, ƙudaje na binsa, ga kuma kakarsa a gefe tana cire gashin idonta da matsefata. Jama'a kan ɗauka ciwo biyu ne daban. Alhali sau da yawa ciwo ɗaya ne, wato amosanin ido: yaron yana farkonsa, tsohuwar tana ƙarshensa.

Abin da ke haddasa shi wata ƙwayar cuta ce, ana kiranta Kilamidiya. Wani masani ɗan ƙasar Sin, Tang Feifan, shi ne ya fara keɓe ta a ɗakin bincike a shekarar 1957. Tana zama ne a cikin kwantsar ido da majinar yara, musamman 'yan shekara 1 zuwa 9. Daga nan sai ta bi yatsu, ko bakin zanen da uwa ta share wa wa fuska sannan ta share wa ƙane, ko kuwa ƙafar ƙuda.

Ƙudan nan ya cancanci a tsaya kansa. Ba irin wanda ke damun mai fura ba ne, wani jinsi ne da ke neman danshin ido da hanci. Bincike a ƙasar Gambiya ya nuna ya fi son yin ƙwai a kan bayan gidan mutum da aka bari a fili, amma ba ya hayayyafa a cikin ramin masai. Ke nan a yankin da mutane suka yi yawa, babu daji, bayan gari kuwa gonar wani ce, haƙa masai maganin ido ne, ko da yake ba kowa zai yarda da haka da jin farko ba.

Kamuwa ɗaya ba ta makantarwa. Idan ma'aikacin lafiya ya juya fatar ido ta sama, zai ga wasu 'yan ƙuraje fari-fari kamar tsabar gero. Sukan warke, yaro ya sake kamuwa, su sake warkewa, kowane zuwa ya bar tabo. Da shekaru suka tura sai tabon ya tsuke, ya janyo bakin fatar ido zuwa ciki, gashin ido ya koma yana gogar fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido. Duk ƙiftawa sai ya karce ta. A ƙarshe ta dushe, ta yi hakiya. Mata sun fi maza kaiwa ga wannan mataki, domin su ke ɗawainiya da yara, suna ta sake kamuwa. Matsefata kuwa sauƙinta na 'yan kwanaki ne, gashin zai sake tsirowa.

A shekarar 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hanyoyi huɗu na yaƙar cutar. Wanda gashinsa ya riga ya juya, ƙaramin aiki ake yi masa a fatar ido, ba a taɓa ƙwayar idon, a sallame shi a ranar. Mai ƙurajen kuwa akan ba shi maganin azitiromaisin sau ɗaya, ko man ido na tetarasaikilin safe da yamma har mako 6. Sauran biyun ba na likita ba ne: wanke fuskar yara, da tsabtar muhalli. Da waɗannan ne ƙasar Gana ta kawar da cutar daga sahun matsalolin lafiyar jama'a a 2018, Gambiya ta biyo baya a 2021.

Sai dai ba kowane jan ido ne amosani ba. Akwai Afolo, wanda ya fara ɓarkewa a Gana a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai wannan suna ya sauka a wata. Shi kan zo ne farat ɗaya, ya zagaye aji duka, ya tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ke ɓata ido a nan ba ciwon ba ne, abin da ake zubawa ne: ruwan sukari, ruwan batir, fitsari, ko maganin ɗigawa da aka saya a kasuwa ba da sanin likita ba. Jan idon da ya zo da zafi mai tsanani, ko raguwar gani, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, ko kuma kwantsa a idon jariri sabon haihuwa, ba a kwana da shi a gida.

Haka nan a bambanta hakiya da yana. Hakiya tabo ce a waje, gyaranta na da wuya ƙwarai. Yana kuwa a ciki take, bayan ɗan ramin nan na tsakiyar baƙin ido, inda gilashin da Allah Ya halitta a ido ke dushewa saboda tsufa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce babbar sanadi. Ita ana cire ta a sa gilashin roba, gani ya dawo. Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Garin Kano, wanda aka buɗe a 1943, ya daɗe da yin suna a wannan aiki. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke fa? Binciken nan ya nuna yawancin idanun da aka yi wa haka sun ƙare a makance.

Malamin kimiyya na iya mai da wannan darasi aiki. A rubuta harufa a allo, ɗalibi ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, sannan ya sauya. Wanda ya kasa abin da 'yan ajinsa suka iya, wataƙila tabarau kawai yake bukata. Daga nan kowane ɗalibi ya koma gida ya duba idon kakanninsa da hasken rana, daga gefe. In ya ga ko da gashi ɗaya yana taɓa ƙwayar ido, ko ya tarar da matsefata a ƙarƙashin matashi, sai ya shaida wa mahaifinsa a kai su asibiti tun baƙin idon bai dushe ba.