Makullin Mota Ya Ɓace: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani

A zamanin da Peugeot 504 ke fitowa daga masana'antar Kaduna, ɓatan makullin mota bai kai a tashi hankali ba. Sai a kwance gidan makulli a kai wa mai yankan makulli a kasuwa, ya goge ƙarfe, kafin la'asar mota ta tashi. To, amma sauƙin da mai mota ya samu, shi ɓarawo ma ya samu. Ya fasa gilashi, ya haɗa wayoyi biyu a ƙarƙashin sitiyari, sai dai a ga ƙurarsa. Don a toshe wannan kafa ne masu ƙera motoci suka sake fasalin makulli. Saboda haka duk mai mota, da duk wanda ke tuƙa ta wani, ya kamata ya san yadda abin yake a yau, kada a cuce shi ranar da tsautsayi ya afka masa.

Me ke cikin kan makulli?

In ka duba makullin motar zamani, za ka ga kansa na roba ne mai kauri. A cikin robar nan an binne wata 'yar na'ura ƙanƙanuwa wadda makanikai ke kira cif. Ba ta da batir. A kewayen ramin da ake zura makulli kuwa akwai naɗaɗɗiyar wayar tagulla. Da ka murɗa makulli, sai wayar ta aika wa cif ɗan ƙarfin lantarki ta iska, shi kuma ya amsa da lambarsa ta sirri. Ƙwaƙwalwar mota ta gwada wannan lamba da waɗanda aka rubuta mata. In sun dace, ta saki mai da wuta. In ba su dace ba, ko dai injin ya yi ta juyi bai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take, wata 'yar fitila mai hoton makulli ko kwaɗo tana ƙyaftawa a gaban direba. Kamar mai gadi ne da tsakar dare: ko ka sa rigar maigida, sai ya ji muryarka kafin ya zare sakata.

Wannan tsari shi ake kira imobilaiza. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara wani abu makamancinsa a motar Corvette a 1986. A 1998 ƙasashen Jamus da Birtaniya suka wajabta shi a kan kowace sabuwar mota, Ostareliya ta biyo baya a 2001, Kanada a 2007. Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa aka sayar da Kia da Hyundai masu yawa a can ba tare da shi ba. Daga 2021, da samari suka fara yaɗa hanyar sace su a TikTok, satar motocin nan ta zama annoba a biranen ƙasar. Wannan ya shafe mu, tunda motocinmu da dama daga can suke zuwa. Mai sayen tokunbo ya tambaya, kada ya ɗauka kowace mota na da shi.

Rimot daban, cif daban

Mutane da yawa na haɗa su, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Rimot buɗe ƙofa da kulle ta ne aikinsa, kuma shi ke cin ɗan batir mai faɗi, galibi mai lamba CR2032. In batirin ya mutu, ƙarfen makulli zai buɗe ƙofa, mota kuma za ta tashi. Ka kuma sani cewa rimot ɗin motar Amurka yawanci yana aiki ne a kan zangon rediyo na 315, na Turai a kan 433. Ko da kamanninsu ɗaya, na wannan ba zai yi wa waccan ba.

Akwai kuma motar da ba a zura mata makulli, sai dai a danna maɓalli. Ita tana jin makullin ne daga aljihunka. In batirinsa ya mutu, kada ka kira makanike tukuna. A cikinsa an ɓoye siririn ƙarfe na buɗe ƙofa, kuma a motoci da yawa, irin su Toyota, in ka manna makullin a jikin maɓallin ka taka birki ka danna, za ta tashi. Sai dai irin wannan makulli yana da nasa haɗari. Ɓarayi kan yi amfani da na'urar da ke ɗaukar siginarsa daga cikin gida ta miƙa wa mota a waje. Kada ka rataye shi kusa da ƙofa ko taga. Ajiye shi can ciki, in da hali a gwangwanin ƙarfe mai murfi.

In makulli ya ɓace

Na farko, tattara takardun motar da katin shaidarka. Mai sana'a na gari ba zai yi maka makulli ba sai ya tabbata motar taka ce. Wanda bai tambaya ba, gobe zai yi wa ɓarawonka. In kana zargin sace makullin aka yi, ka sanar da 'yan sanda, ka kuma kai motar inda ido ke kanta.

Na biyu, rubuta lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, za ka same su a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Da ita ake gane irin makullin da motar ke buƙata.

Na uku, ka san aiki biyu za a yi maka. Za a yanka ƙarfe, sannan a jona kwamfuta a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a gabatar wa ƙwaƙwalwar mota sabon cif. Wanda ya yanka ƙarfe kawai, ƙofa ya buɗe maka.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa: ka ce a goge lambar makullin da ya ɓace daga ƙwaƙwalwar mota. In ba a goge ba, duk wanda ya tsince shi zai iya tayar da ita. Ka zo da sauran makullan da ke hannunka, domin a wasu motoci sai an sake rubuta su duka a lokaci guda. Ka tuna kuma tsohon ƙarfen zai ci gaba da buɗe ƙofa, sai fa in an canja gidajen makulli.

Gargaɗi a kan araha

Za ka haɗu da wanda zai ce, "Alhaji, bari kawai mu cire wannan imobilaiza, ka huta." Wani kuma zai fasa makulli ya ciro cif, ya liƙe shi da salatif a bakin ramin makulli, don kowane ƙarfe da aka yanka ya tayar da mota. Kada ka yarda. Ka biya kuɗi ke nan an mayar da motarka yadda ɓarawo ke so, kuma taɓa ƙwaƙwalwar mota a hannun wanda bai ƙware ba kan jawo ɓarnar da ta fi kuɗin makulli nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi duka shi ne kada ka jira sai ya ɓace. Yin na biyu alhali na farko yana hannu aiki ne mai sauƙi. In duka sun ɓace, sai an jawo mota ko an kira mai aiki har gida, a wasu motocin ma sai an kwance ƙwaƙwalwar, kuɗi kuwa ya ninka. Ranar da za ka sayi mota, ka tambayi dillali makulli nawa ne, ka gwada kowanne ya tayar da injin a gabanka. In ɗaya ne tak, ka sa kuɗin na biyu a cikin ciniki, ka yi shi a cikin makon, ka ba uwargida ko wani amintacce ya ajiye a gida, ba a cikin motar ba.