Sunan da Baƙo Ya Raɗa: Daga Kogin Sindhu zuwa Katsina Laka

Sau da yawa baƙo kan kira ƙasa da sunan abin da ya fara tararwa a bakin iyakarta. Mutanen Indiya na dā suna kiran babban kogin da ke arewa maso yammacinsu Sindhu. Farisawa suka sauya harafin farko, suka ce Hindu. Girkawa suka karɓa daga bakinsu suka ce Indos, Larabawa kuma suka ce al-Hind, kuma ta littattafan Larabci ne malamanmu suka san ƙasar Hindu. Ta haka sunan kogi guda ya lulluɓe ƙasa sukutum, alhali masu ita Bharat suke cewa.

Ƙasar Hausa ma ta sha irin wannan raɗin suna. Larabawa sun cusa ta cikin Biladus Sudan, wato ƙasashen baƙar fata, sunan da bai bambance Bakatsine da Bamalle ba. Barebari suka ce Afuno, Fulani suka ce Haɓe, Yarbawa suka ce Gambari. Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a 1550, ya kawo Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, kowace da sunanta, bai haɗa su a ƙarƙashin kalmar Hausa ba.

Wanda ya fi cancantar nazari shi ne sunan da ya zauna a karkarar Malumfashi da Funtuwa, yankin da ake kira Katsina Laka saboda yanayin ƙasar nomansa. Manoman da suka riƙe addinin gargajiya a nan ana ce musu Maguzawa, kuma galibin manazarta na danganta kalmar da Majus, sunan da Larabawa suka ba masu bautar wuta na Farisa. Bamagujen Malumfashi kuwa bai san wutar Farisa ba; iskoki yake yi wa yanka. Amma a fiƙihu Majusawa suna cikin waɗanda ake karɓar jiziya daga gare su a bar su da addininsu. Saboda haka aron sunan ya zo da hukunci a tattare da shi: ya ba manomin matsayin da zai biya haraji, ya ci gaba da noma dawarsa a ƙarƙashin sarki Musulmi, ba tare da an ɗauke shi abokin yaƙi ba.